Wanda Ya Tsaya a Ƙofar Sinima Ma Alƙali Ne

Kwanakin baya na ji wasu masu son tsofaffin fina-finai suna ta dariya a kan rahotannin da masu gidajen sinima na ƙananan garuruwan Amurka suka rubuta shekaru 100 da suka wuce, zamanin da fim bai fara magana ba. Abin dariyar wai shi ne, fim ɗin da yau ake koyar da shi a jami'a, wani mai sinima a can cikin karkara ya taɓa gargaɗin 'yan'uwansa su guje shi, don ko kuɗin wuta bai mayar masa ba. Nan take aka yanke musu hukunci: ƙauyawa ne, ba su san fim ba, aljihunsu kawai suka sani.

Maganar ta tsaya mini a rai, domin zalunci ce. A ganina waɗannan mutane sharhi suka yi na gaskiya, kuma ta wata fuskar sharhinsu ya fi na manyan marubutan New York nauyi. Sun auna fim a gaban mutanen da suka sani da suna, da kuɗinsu a ciki, sannan suka sa hannu da sunansu da sunan garinsu. Akwai inda suka kuskure, zan zo kansa, amma raini bai dace da su ba.

Inda suke rubutawa

A 1916 wata mujallar harkar fim da ke fita a Chicago, Motography, ta buɗe fili mai suna "What the Picture Did for Me", wato abin da fim ɗin ya yi mini. Da ta haɗe da Exhibitors Herald ta Martin Quigley a 1918, filin ya bi ta, ya bunƙasa har yana cin shafuka da dama kowane mako. Mujallar Moving Picture World ma ta buɗe irin nata.

Rahoton gajere ne, layi uku zuwa goma. Sunan fim, sunan jarumi, kamfanin da ya yi shi, naɗi nawa ne (wato faifan da ake naɗe zaren fim a kai), yadda jama'a suka karɓe shi. A ƙarshe sunan mai sinima, gidansa, garinsa, da irin mutanen da ke shiga wurinsa. Wasu sun yi suna da wannan rubutu, kamar J. C. Jenkins na Neligh a jihar Nebraska da Philip Rand na Salmon a jihar Idaho, garuruwan da a lokacin kowannensu mutanensa ba su kai 2,000 ba. Akwai mata a cikin masu rubutun, domin sau da yawa sana'ar ta iyali ce: miji na juya na'ura, mata na sayar da tikiti, ɗiya na kan fiyano tana kiɗan da ke raka fim ɗin.

Kada a ɗauka su 'yan tsiraru ne. Ƙidayar 1920 ce ta farko da ta nuna mazauna birni sun haura rabin jama'ar Amurka, kuma a lissafin ƙidayar duk garin da ya kai mutum 2,500 birni ne. Kusan rabin ƙasar kenan a karkara.

Abin da suke aunawa

Mai sharhi a New York yana ganin fim ranar farko, sabo fil, a katafaren gida irin Roxy da aka buɗe a 1927 mai kujeru kusan 6,000, da ƙungiyar makaɗa cike da gaban allo. Mai sinima a Nebraska yana samun fim ɗin bayan watanni, wani lokaci bayan shekara, a cikin gwangwani ta jirgin ƙasa, bayan ya ratsa na'urori masu yawa. Duk inda ya tsinke, mai na'ura ya yanke wurin da ya lalace ya liƙa, ya aika wa na gaba. Kafin ya iso ƙaramin gari ya sha karce, allo ya cika da zane-zane kamar ana ruwa, an rasa rubutun da ke bayyana abin da jarumi ya faɗa, wani lokaci ƙarshen labarin ma ya gutsure.

Shi ya sa rahotanninsu suke yawan ambaton lafiyar naɗin. Mai dariya yana ganin wannan ba sharhin fim ba ne. Ni kuwa ina ganin shi ne tushen sharhi, domin abin da manomi ya biya senti 25 ya gani shi ne fim a wurinsa. Wanda darakta ya bari a Hollywood bai taɓa isowa garinsu ba.

Na biyu, tsawo. Naɗi ɗaya ƙafa 1,000 ne, kusan kwata na awa. Fim na yau da kullum naɗi 5 ne ko 6. Da kamfanoni suka shiga gasar manyan fina-finai masu naɗi 9, 10, har 12, sai koke ya yawaita daga karkara. Dalilinsu a fili yake. Mutumin da zai yi asubanci ya tatsi shanu ba zai zauna har tsakar dare ba. Dogon fim yana hana a yi nuni biyu a dare guda, yana kuma cinye gurbin gajeren wasan barkwanci da yara suka zo dominsa. Gidan da na'ura ɗaya gare shi, sai an tsaya tsakanin naɗi da naɗi, jama'a na zaune a kan kujerun katako. Da yawansu sun rubuta cewa labarin naɗi 6 ne aka ja shi zuwa 9. Wanda ya taɓa zama yana kallon fim ɗin da aka ja don a cika lokaci, ya san wannan hukunci ne na mai ido.

Na uku, gaskiyar suna da ta fosta. Idan sunan fim ya yi alkawarin faɗa da sukuwa, sannan aka tarar da masu kuɗi suna shan shayi a falo, wa za a kama? Ba a san shugaban kamfani ba. Mai sinima aka sani, shi ne ke tsaye a bakin ƙofa ana fitowa, shi za a haɗu da shi gobe a shagon aski da gidan waya. Cikin rahotannin za ka ga mutum yana faɗin ko ya iya tsayawa ya dubi jama'arsa bayan an tashi, ko kuwa ya sulale ya ɓuya. Ban san wani ma'auni da ya fi wannan tsanani ba. Marubucin jarida idan ya yaba wa abin banza, ba wanda zai tare shi a hanya ya nemi kuɗinsa.

Sai kuma ranar da ta dace da fim. Asabar ranar manoma ce, sun shigo gari cefane da iyalansu, abin da suke so shi ne kaboyi da doki: Tom Mix, Hoot Gibson, Buck Jones, Fred Thomson da dokinsa Silver King, ko karen nan Rin Tin Tin, tare da fim mai ci gaba mako-mako. Lahadi kuwa, a garuruwa da yawa doka ta hana buɗe sinima sam, inda aka bari kuma sai an zaɓi abin da limamin coci ba zai yi wa'azi a kansa ba. Mai rahoto yakan ce wannan na Asabar ne, wancan a ajiye shi tsakiyar mako. Yakan kuma raba laifi: idan dusar ƙanƙara ta toshe hanya, ko ana wasan ƙwallo a makarantar gari, ko taron coci ya kwashe jama'a, sai ya ce fim ɗin bai da laifi, yanayi ne. Mutumin da ya yi asara amma ya wanke fim daga zargi, adalci yake yi.

"Ai kuɗi kawai suka sani"

Wannan ce suka ta farko, kuma ita ce mafi rauni. Kowa a harkar kuɗi yake nema, tun daga Adolph Zukor na Paramount har mai sayar da gyaɗa a bakin ƙofa. Bambancin shi ne wane ne ke ɗaukar kasada.

A duba yadda ake ciniki a lokacin. Manyan kamfanoni ba sa sayar wa ƙaramin mai sinima fim ɗaya-ɗaya. Dunƙule suke yi: in kana son fim ɗin babbar jaruma, sai ka ɗauki fina-finan kamfani na tsawon kaka, masu kyau da marasa kyau. Yawancinsu ma ba a fara ɗaukarsu ba lokacin da kake sa hannu, suna kawai aka nuna maka a takarda. Cinikin biri a sama kenan. Wakilin kamfani ya zo da zaƙin baki, ya ce wannan na musamman ne, a ƙara kuɗin haya, kai ma ka ƙara kuɗin shiga. Ya koma birni, kai ka zauna da kujeru babu kowa.

Hukumar kula da ciniki ta tarayya ta shigar da ƙara a kan kamfanin Famous Players-Lasky, wanda daga baya ya zama Paramount, a 1921, ta kuma ba da umarnin a daina dunƙulen a 1927, amma ba a daina ba. Sai a 1948 Kotun Ƙoli ta karya tsarin, a shari'ar da aka sani da sunan Paramount. Duk tsawon waɗannan shekaru, mai sinima a ƙaramin gari ba shi da lauya, ba shi da hanyar ganin fim kafin ya biya. Abin da yake da shi shi ne ɗan'uwansa a wata jiha da ya riga shi nunawa. Idan wani a Kansas ya rubuta cewa fim ɗin mai kyau ne amma bai kai kuɗin da ake nema ba, ya ceci wani a Dakota daga bashin wata guda. Ana kiran wannan son kuɗi, ni kuwa taimakon juna na gani tsakanin marasa ƙarfi.

Kuma ba gaskiya ba ne cewa ƙididdigar akwati kawai suke bayarwa. Sun saba raba abu biyu da masu sharhin zamani suke cakuɗawa: kyawun fim daban, jan jama'a daban. Za ka ga an ce fim ne mai inganci amma bai jawo kowa ba, ko kuma an cika gida amma abin kunya ne. Wani ya ce shi kansa ya ji daɗinsa, jama'arsa ce ba ta so. Wanda ya iya bambanta son ransa da na masu biyansa, ya fahimci aikinsa.

"Sun kasa gane manyan ayyuka"

Nan ne masu dariya suke jin sun kama su. Gaskiya ne, fina-finan Turai masu zurfi da na tarihi masu dogayen riguna da gashin aro ba su yi farin jini a karkara ba. F. W. Murnau na Jamus ya yi The Last Laugh a 1924, labarin tsohon mai tsaron ƙofar otal da aka mayar da shi kula da banɗaki, kusan babu rubutu a cikinsa. Masu sharhi na birni sun yaba ƙwarai. Kamfanin Fox ya kawo Murnau Amurka, ya yi Sunrise a 1927, wanda ya ci kyauta ta musamman a bikin Oscar na farko a 1929. Amma bai mayar da kuɗinsa ba.

To, sai a tambaya: laifin ƙauyawa ne kaɗai? Babban kuɗin fim a manyan birane yake shigowa, a nunin farko. Idan fim ya faɗi, birni ne ya fara juya masa baya. Ba a yi wa mutanen Chicago da Detroit dariya a kan haka, don ba su bar rubutu ba. Mai sinima na Idaho ya bar rubutu, shi ya sa ake da abin kama shi.

Sannan a duba su kansu ƙwararrun. Buster Keaton ya fitar da The General a ƙarshen 1926. Manyan jaridun New York suka karɓe shi da sanyin jiki, suka ce ya yi tsawo, barkwancin bai isa ba. Shekaru da yawa bayan haka, masu sharhi na duniya suka sa shi cikin fina-finai goma mafi girma da aka taɓa yi. Idan kuskuren gane babban aiki a ranar fitowarsa shi ne alamar jahilci, to jahilan ba a karkara kaɗai suke ba.

Akwai kuma abin da ake mantawa. Sunrise ya fito a New York da kiɗansa na musamman da aka naɗa a jikin fim, ta sabuwar fasahar Movietone. Irin wannan fim, mai tafiya a hankali, wanda haske da inuwa suke ɗauke da rabin labarinsa, idan ya isa ɗaki mai kujeru 250, a kan naɗi karcacce, da fitila mai rauni, da yarinya ɗaya a kan fiyano wadda ba ta taɓa ganinsa ba sai yanzu, ya zama wani abu daban. Mai sinimar da ya ce jama'arsa sun fita kafin a gama, gaskiya ya faɗa a kan abin da ya faru a ɗakinsa. Bai ce kada a nuna shi a New York ba. Ya ce wa masu ɗaki irin nasa su yi hattara, kuma ya rubuta girman garinsa a ƙasa don mai karatu ya san da wa ake magana.

Kada kuma a raina abin da suka so. Mutanen da suka tashi a kan doki sun san wanda ya iya hawa da wanda ake riƙe masa linzami a bayan kyamara. Da The Covered Wagon ya fito a 1923, labarin ayarin da ya ƙetare ƙasa zuwa yamma, dogon fim ne mai tsada, amma ya yi kasuwa a birni da karkara. A garuruwan yamma akwai tsofaffin da suka yi irin wannan tafiya da ƙuruciyarsu suna zaune a cikin masu kallo. Ba tsawo ko tsada suke ƙi ba in abin ya cancanta.

Inda masu suka suke da gaskiya

Akwai abu biyu da ba zan kare su a kai ba.

Na farko ƙarami ne. Wakilan kamfanoni ma suna karanta mujallar. Wanda ya bayyana cewa ya ci riba mai yawa ya san za a ƙara masa kuɗin haya baɗi. Don haka kuka ya fi godiya yawa a rahotannin, kuma mai karatu mai hankali zai rage wani abu daga kukan. Ita ma mujallar da tallan kamfanonin take rayuwa. Wannan damuwa ce ta sa P. S. Harrison ya kafa tasa takardar, Harrison's Reports, a 1919, wadda ba ta karɓar tallan fim ko kaɗan.

Na biyu shi ne mai nauyi. Idan mai sinima ya rubuta "jama'ata", su wa yake nufi? A jihohin kudu, baƙar fata ko dai an hana shi shiga, ko an tura shi bene ta wata ƙofa daban. Ra'ayinsa ba ya cikin lissafi. A shekarun 1920 ƙungiyar Ku Klux Klan mai ƙin baƙar fata ta yi ƙarfi sosai a ƙananan garuruwa, har a jihohin arewa irin Indiana, kuma The Birth of a Nation na 1915, fim ɗin da ya ɗaukaka ta ya wulaƙanta baƙar fata, an ci gaba da dawo da shi ana cika gidaje. Oscar Micheaux, baƙar fata da ya fara fitar da fina-finansa a 1919, sai da ya nemi wasu gidaje daban da zai nuna su.

Wannan ita ce iyakar ma'aunin "abin da jama'a suka so". Idan jama'a suna da cuta a zuciya, mai auna son ransu zai rubuta cutar a matsayin nasara. Hakanan kalmar tsabta da suke yawan yaba fim da ita. Wani lokaci kunya ce ta gaskiya, ta mutumin da ba ya so ya nuna wa 'ya'yan maƙwabcinsa abin da ba zai nuna wa nasa ba, kuma ina girmama wannan. Wani lokaci kuma tsoro ne na duk abin da ba a saba ba. Da abin kunyar jarumin barkwanci Roscoe Arbuckle ya ɓarke a 1921, aka zarge shi da hannu a mutuwar wata 'yar fim, gidajen sinima sun janye fina-finansa tun kotu ba ta yanke hukunci ba, kuma daga baya an wanke shi.

Amma ko a nan, laifin na ƙasar ne baki ɗaya. An nuna The Birth of a Nation a Fadar White House, kuma a New York ya shafe watanni ana biyan dala 2 a kujera. Wanda yake so ya tuhumi masu sinima na karkara da wariya, ya tuhume su, ina tare da shi. Sai dai kada ya fake da wannan ya wanke masu ilimin birni.

Abin da ya rage a hannu

A 2013 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar da bincike a kan dogayen fina-finai marasa magana da aka yi a ƙasar tsakanin 1912 da 1929. Sun kusa 11,000, kuma kusan kashi 70 cikin 100 sun ɓace gaba ɗaya. Sinadarin da ake yin naɗin da shi a lokacin yana ruɓewa, yana kuma kama wuta cikin sauƙi. Da fim ya fara magana daga 1927, kamfanoni suka ga tsofaffin ba su da sauran amfani, suka narkar da da yawa don ɗan azurfar da ke jikinsu.

Fina-finan da suka fi ɓacewa su ne na yau da kullum, masu naɗi 5, waɗanda manyan jaridu ba su ɓata tawada a kansu ba. A kan da yawansu, shaidar da ta rage ta wanda ya gani da ido ita ce layi huɗu na wani mai sinima, yana faɗin ko an yi dariya, ko an yi kuka, ko yara sun buga ƙafa, ko an tashi an fita. Kamfanin da ya yi fim ɗin ya ƙone shi. Mutumin da ake kira baƙauye shi ne ya zauna bayan an tashi, ya rubuta, ya sa a ambulan ya aika Chicago, ba tare da an biya shi ko sisi ba.

Sauyin ya zo musu da tsada. Na'urar sauti ta dubban daloli ce, ga matsin tattalin arziki da ya biyo bayan 1929, ƙananan gidaje da yawa suka rufe. Filin rahoton dai ya tsira, ya koma Motion Picture Herald a 1931, ya ci gaba shekaru masu yawa. Yau an ɗora tsofaffin mujallun a intanet a ma'ajiyar Media History Digital Library, kyauta. Masana tarihin fim da ke son sanin abin da manomin Iowa ya ji a daren Asabar na 1924, can suke zuwa nema.